TAKOBIN JARMA KABO A SHARA MANSUR (Shafi na 23)

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Masu cika min waya tun asuba da “ina ci gaba”, to ga shi nan, ku bar ni in sha shayina. Ku kuma da kuka shigo mana yau, ku gyara zama, ba za ku ɓata ba.

*

Mas'uda tana juya masa a tanda sai inuwar mutum ta faɗo mata a hannu.

Ba ta ɗaga kai ba. A wannan lungu na bayan titin Shara Mansur a Makka, da hantsi kowa nan yake karyawa: direbobin tashar Kudai, masu shaguna, da alhazan da shinkafar Larabawa ta gundura.

“Guda nawa za a zuba?”

“Salamu alaikum, matar Sabi'u.”

Cokalin ya tsaya a hannunta. Shekara ashirin ke nan rabon da a kira ta da wannan suna, kuma muryar ba ta sake ba, tana nan da sanyinta kamar ta mai lallashin jariri.

Ta ɗago.

Jarma Kabo ne. Farar jallabiya a jikinsa, ƙal da ita, ga wani dogon abu a hammata an naɗe da darduma. Furfura ta fito masa a gemu, amma ko kusa bai ranƙwafa ba. A bayansa wani dattijo ne ya dogara sanda, yana kallon ƙasa.

“Wa alaikumus salam,” in ji ta. Mugu ma in ya yi sallama ana amsa masa.

Ya ja benci ya zauna a bakin ƙofar gidan Hajiya Asma maƙwabciyarta, ya ɗora dardumar a cinya.

“Ba ‘ranka ya daɗe’?”

“Na Allah ne ran, Jarma. Da yaji ko da miya?”

Ya yi dariya har haƙoransa suka fito.

Mutanen lungun, Mas'uda mai masa kawai suka sani. Ba wanda ya san daga Birnin Tagulla ta fito, a Ƙasar Tsauni Bakwai, wadda babu ita a taswirar kowa, ƙofarta kuma wani kogo ne a hamadar da ke tsakanin Cadi da Sudan. A can kujerun sarauta bakwai ne, duk wanda ya haɗa su shi ne mai ƙasa. Kabo ya haɗa shida, duk da kaifin takobi, a fagen fito-na-fito. Ta bakwai ta gidan uban Mas'uda ce. Mijinta Sabi'u ya shiga fage a madadinta, Kabo ya kashe shi a gaban idonta, amma doka ta ce kujera ba ta tashi sai da jinin mai ita. Shi ya sa ta gudu da cikin wata biyar, ta bi ayarin masu zuwa aikin hajji, ba ta sake waiwaye ba.

Ta dubi dattijon. Tsoho Mai Fage ne, alƙalin duk wani karon takobi a Tagulla tun ba a haife ta ba.

“Baba, har da kai a wannan tafiya?”

“Ni doka nake bi, 'yar nan, ba mutum ba,” in ji Tsoho, bai yarda sun haɗa ido ba.

Kabo ya miƙa hannu ya ɗauki masa mai zafi daga kwando, ya gutsura a natse.

“Hannunki bai lalace ba. 'Yar gidan sarauta a bakin kwata tana fifita gawayi! Da Sabi'u zai gan ki, da ya gode mini da na hutar da shi.”

“Ka ci ka tashi, ina da masu jira.”

“Zan tashi.”

Ya sunkuya ya zare takalminsa na hagu, ya kife shi a tsakiyar lungun, tafinsa yana kallon sama.

Mas'uda ta san wannan. Haka ake kiran fage a Tagulla. Mai kira ya kife takalmi, in wani mai jinin gidan da aka kira ya juya shi, to ya amsa.

“Baba Tsoho, karanta mata,” in ji Kabo. “Wataƙila hayaƙin gawayi ya mantar da ita.”

Tsoho ya gyara murya.

“A wajen ƙasar Tsauni ba a tilasta kowa ya amsa kira. Wanda bai amsa ba, ba a taɓa shi. Wanda ya amsa, shi ke zaɓar fage. Mai kira yana da kwana uku. In ranar uku ta faɗi bai zubar da jini da takobi ba, duk kujerun da ya ci su koma gidajensu, a sare masa hannun dama.”

“Ƙarasa mata.”

“Wanda aka kira kuwa, in ya fita daga fagen kafin wa'adi, ya gudu ke nan. Kira ya koma kan magajinsa na jini, mai kira ya zaɓi fage.”

“Ni ba ni da magaji,” in ji Mas'uda, tana zuba ƙullu a tanda. “Cikin a hanya ya zube. Kuma ba zan amsa ba. Takalminka ya kwana nan, kyanwoyin lungu su yi wasa da shi.”

Ƙarya ta yi, kuma ko ƙiftawa ba ta yi ba. Cikin bai zube ba. A gidan nan da Kabo ya tare wa ƙofa ta haife shi, a makon da Hajiya Asma ta rasa jaririyarta. Asma ta rungumi yarinyar, aka rubuta ta da sunan gidanta, aka sa mata Lujain. Har yau Lujain “Khala” take ce wa Mas'uda, wato inna ta maƙwabta. Mas'uda ta haɗiye wannan shekara ashirin, don ta fi son 'yarta da rai a kan a kira ta uwa.

Kabo ya warware bakin dardumar, kube ya leƙo. Baƙar fata ce, an ɗaure ta da ƙulle-ƙullen gashi tun daga sama har ƙasa.

“Arba'in da ɗaya,” in ji shi, yana shafa su da ɗan yatsa. “Kowane ƙulli mutum ne. Ga na mijinki nan, na goma sha biyu. Kin tuna? Sara bakwai na yi masa, da na ga dama ɗaya ya isa. So nake in ga ko zai roƙe ni.”

“Bai roƙe ka ba.”

“Bai roƙe ni ba. Abin ya daɗe yana ci mini rai.” Ya lashe man da ke yatsansa. “Yanzu na daina wahalar da kaina. Duk gidan da na ci, yaransu maza nake tarawa in cire musu babban yatsa. Wanda ba shi da babban yatsa ba ya riƙe takobi. Ƙasa ta yi lafiya, matar Sabi'u, ko tari ba a yi sai na ce.”

Ran Mas'uda ya ɓaci iyakar ɓaci, amma ta danne. Ta san wannan bakin, neman ta yake ta harzuƙa.

“Ka gama?”

“Saura kaɗan,” in ji shi, ya dubi bakin lungun.

Ita ma ta duba.

Lujain ce tafe, baƙar abaya, jaka a kafaɗa, waya a kunne, tana zuba Larabci kamar an kunna rediyo. Kullum da hantsi take biyowa ta karɓi masarta kafin ta wuce shagon ɗinki da take aiki a unguwar Zahir.

“Sabahal khair, ya Khala! Yau na makara, wallahi, zuba mini da sauri.”

“Wuce kawai, zan aiko miki.”

“Ki aiko wa? Ina tsaye a gabanki?” Sai idonta ya sauka a tsakiyar lungun. “Astagfirullah! Wa ya bar takalmi a kife?”

Wa zai ga laifinta? Duk yaron da ya tashi a Makka, Balarabe ko Bahaushe, da wannan aka raine shi: ba a wuce takalmi a kife, sai an juya shi. Ita kanta Mas'uda ta sha ranƙwashin Lujain a kan haka tana ƙarama.

Lujain ta miƙa ƙafa.

Mas'uda ba ta san sanda ta tsallake tandar ba. Hannunta ya goga a bakin ƙarfe mai zafi, kwandon masa ya kife, ta ture yarinyar gefe, ta cafke takalmin ta juya shi.



“Khala! Esh fi? Me na yi?”

Tsoho ya lumshe ido.

“An amsa,” in ji shi a hankali.

Ya zaro jan zare daga aljihu, ya ɗaura mata a wuyan hannu, ya ɗaura wa Kabo. Zaren ya kama fatarta da kansa, ba ƙulli ba bakin zare. Ta san halinsa. In ta doshi iyakar fage zai fara tsinkewa sili-sili, in ta ƙetare ya koma hannun magaji, kuma wanda zaren ya kama, ƙafafunsa da kansu za su kai shi inda mai kira ya ce.

“Faɗi fagenki, 'yar nan.”

Mas'uda ta miƙe, ta karkaɗe zaninta, ta hura wurin da ta ƙone. To, tunda an zo nan, an zo. Ba yau ta fara tunanin wannan rana ba, kuma ba ta zo mata hannu rabbana ba.

“Fagena Makka ne, Baba. Duk abin da ke cikin iyakar harami, daga alama zuwa alama.”

“An ji.”

“To Jarma, bismillah. Ga ni, ga ka. Zare.”

Kabo ya miƙe tsaye. Ya yar da dardumar, ya kama ƙotar takobin. Lujain ta yi ƙara ta ja baya, mai shagon da ke kallon su ya faɗa ciki ya turo ƙofa.

Ya ja.

Takobin bai motsa ba.

Ya sake ja, har jijiyoyin wuyansa suka miƙe. Ya matse kuben a tsakanin gwiwoyi ya sa hannu biyu. Ko kaurin gashi bai fito ba, kamar tare aka ƙera su.

Mas'uda ta kwashe da dariya, irin wadda ta shekara ashirin ba ta yi ba.

“Ja mana! Ko in kira maka direbobin Kudai su taya ka? Gaba da gabanta, Jarma, aljani ya taka wuta. Ƙarfen Tagulla ba ya fita a garin nan. Wuƙar Sabi'u tana ƙarƙashin katifata, tun ranar da na ƙetaro alamar harami ta ƙi barin kubenta. Nan ba a zubar da jini. Ka zauna ka ci masa kwana uku, ni zan ciyar da kai, da hannun dama kuwa, don ka yi bankwana da shi.”

Ta juya wajen Tsoho.

“Baba, in ya shaƙe ni fa? In ya jefe ni da dutse?”

“Jinin takobi kaɗai doka ta sani. In ya taɓa ki da wani abu, ya faɗi.”

“Ka ji ko?”

Daɗi ya cika ta har wuya. Ta hango kujeru shida suna komawa gidajensu, ta hango yaran nan marasa yatsa suna kallon hannun Kabo a ƙasa. Rana dubu ta ɓarawo, yau ta mai kaya ce.

Sai dai Kabo bai yi fushi ba. Ya naɗe takobinsa a darduma, ya sa takalminsa, ya koma bencin bakin ƙofa ya zauna. Ya ɗauki masa guda daga cikin waɗanda suka zube, ya hure ta, ya kai baki.

Dariyar Mas'uda ta fara raguwa. Ruwa ba ya tsami banza.

“Kwanana tara a garin nan,” in ji shi. “Tun daren farko na gwada shi a masauki, na ga ya ƙi. Kin ɗauka yau na sani?”

“To me ya kawo ka?”

“Tambaya biyu. Kin amsa ɗaya da hannunki.” Ya nuna ƙunar da ke hannunta. “Da bare ya juya takalmin nan, ba komai, ko ba haka ba, Baba Tsoho? Sai in sake kife shi. To me zai sa mace ta tsallake wuta don 'yar maƙwabta?”



Ya juya ya ƙare wa Lujain kallo, karo na farko tun zuwanta.

“Goshin Sabi'u, tsayuwar Sabi'u. Zargi nake, yanzu na tabbata. 'Yan mata, gaida mahaifiyarki da kyau, ta sha wahala a kanki.”

Lujain ta dubi wannan, ta dubi wancan. Hausarta ba ta da zurfi, amma wannan kalma ba ta ɓuya mata ba.

“Khala, me yake cewa? Min hada? Wane ne shi?”

“Mahaukaci ne. Shiga gida wajen Umminki.”

“Ki ce ƙarya yake.”

Mas'uda ta buɗe baki. Matar da ta yi wa Jarma Kabo ƙarya ido cikin ido, sai ga shi ta kasa yi wa yarinyar nan. Hawaye ne suka riga maganar fitowa.

Wayar Lujain ta suɓuce ta faɗi ƙasa.

Mas'uda ta share fuska da gefen mayafi, ta tsaya tsakanin 'yarta da shi.

“To ka sani, sai me? Kira a kaina yake. Ba ya komawa kanta sai na fita daga Makka, ni kuwa shekarata ashirin ko Jidda ban taɓa leƙawa ba. Kwana uku ne zai gagare ni?”

“Shi ne tambaya ta biyu,” in ji Kabo. “Me ya hana ki leƙa Jidda?”

Ya gyara zama a kan bencin.

“Na tambayi mutanen garin nan, suna da kirki, suna son hira. Sun ce akwai wata takarda, iƙama, wadda in baƙo ba shi da ita ba ya zama. Sun ce wanda aka kama ba shi da ita, mota ake sa shi a kai shi gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu.” Ya goge bakinsa. “Jiya na ɗauki tasi na je na gano gidan da idona. A hanyar Jidda yake. Sai da muka wuce alamar harami da kyau kafin mu isa.”

“Jarma!” Tsoho ya buga sandarsa a ƙasa. “Wannan ba halin fage ba ne!”

“Na taɓa ta? Na sa mata hannu? Karanta mini inda doka ta hana mutum ya gaya wa hukuma gaskiya.”

Tsoho ya kawar da kai.

Daga bakin titi wata mai sayar da goro ta kwarma ihu.

“Kame! Kame! Askarawa!”

Nan da nan lungun ya hargitse. Mata suka kwashi tire da robobi, wasu suka bar takalma a baya. Mota ta tare bakin lungun ta gabas, wata ta tare ta yamma.

Kame ba baƙon Mas'uda ba ne. Ta ga ya fi sau ɗari, kuma ba a taɓa riƙe ko gefen mayafinta ba, don hanyarta ɗaya ce: ta faɗa gidan Asma, ta haura soro, ta dira a lungun baya. Ta juya da gudu.

Kabo yana zaune a bakin ƙofar, ya cika ta da faɗin kafaɗunsa, ya miƙe ƙafafu.

“Matsa!”

“Na gaji, matar Sabi'u. Tsufa.”

Ta kai masa duka da hannu biyu a ƙirji. Kamar ta doki bango. Bai rama ba, bai ma ɗaga hannu ba, murmushi kawai yake.

“Ya hajja! Iƙama!”

Askari biyu ne a kanta. Ɗaya ya miƙa wa Kabo hannu, Kabo ya zaro fasfo da takardar umara, sababbi fil, ya ba shi da ladabi. Askarin ya duba ya mayar masa, har da yi masa addu'ar Allah ya karɓi ibada. Mutumin da ya kashe arba'in da ɗaya takardunsa sun cika, mai masa ce ba ta da ko ɗaya.

Aka duba na Lujain, lafiya lau. Aka dawo kan Mas'uda.

“Ma fi,” in ji ta. Babu.

“Yalla.”

Ta roƙe su da duk Larabcin da ta tara a shekara ashirin. Ta ce su kulle ta a nan cikin gari kwana uku kawai, bayan nan su kai ta duk inda suka so. Suka dube ta da tausayi, don sun saba jin roƙo iri-iri, kuma ba wanda zai gane wannan. Wata ma'aikaciya ta kama ta a dantse ta ja ta zuwa mota.

Lujain ta biyo su tana kuka, ta riƙe mata mayafi.

“Ki saurare ni,” in ji Mas'uda da sauri. “Ki shiga wajen Asma ki ce ta gaya miki komai. In kin ga jan zare a hannunki, ki sa a ɗaure ki a jikin ƙarfen taga. Ko kin yi ihu, ko kin yi zagi, kada a kwance ki. Kin ji ni?”

“Ban gane ba! Wallahi ban gane ba!”

Aka ɓamɓare hannun yarinyar, aka tura Mas'uda ciki, aka rufe.

Ta manna fuska a ragar tagar. Ta ga Kabo ya tashi daga bencin, ya karkaɗe jallabiyarsa, ya ɗauko wayar Lujain daga ƙasa ya miƙa mata da hannu biyu, kamar kawun kirki. Ta ga bakinsa yana motsi. Ba ta ji abin da ya ce ba, amma ta ga ya kama babban yatsansa yana nuna wa yarinyar yadda ake riƙe ƙota.

Motar ta tashi, ta fita Shara Mansur, ta miƙi yamma.

Mas'uda ta juya wajen ma'aikaciyar da ke zaune kusa da ita.

“Don Allah, daga nan zuwa alamar harami, tafiyar minti nawa ce?”

Matar ta dubi agogonta.

“Yau hanya ba cunkoso. Ashirin.”

A wuyan hannun Mas'uda, silin farko na jan zaren ya tsinke.